Darasi: Ciniki a Ƙasar Azzalumi

Mu mutanen ƙasar Haɗejiya mun san kamfani tun zamanin gyaɗa. Iyayenmu na Kaugama su kan kai buhunansu Malam Madori, a auna, jirgin ƙasa ya kwashe. Kamfani riba ya ke nema, wannan kuwa ba laifi ba ne. Amma in masu mulkin ƙasa azzalumai ne, daidai ne ya zauna ya ci riba a hannunsu?

Bari mu duba Afrika ta Kudu. Daga 1948 Turawan ƙasar suka kafa dokar wariyar launin fata. Baƙin mutum ba shi da ƙuri'a, ba ya shiga gari sai da takardar izini. A 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. Duk da haka kamfanonin Ingila da Amurka ba su tashi ba.

Waɗansu suka ce, "In mun tashi, ma'aikatanmu baƙaƙe za su rasa abinci." Wani fasto na Amurka, Leon Sullivan, ya bi wannan shawara. A 1977 ya tsara wa kamfanoni ka'idodi: aiki ɗaya, albashi ɗaya, kada a raba wurin cin abinci. Bayan shekara 10 ya ga dokar tana nan daram, sai ya ce su fita.

Ƙasarmu ma ta sa baki. Bankin Barclays ya ranta wa gwamnatin wariya kuɗi domin sojojinta. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta janye kuɗinta daga reshensa na nan, wanda daga baya ya zama Union Bank. A 1979 kuma ta karɓe kamfanin mai na BP, tana zarginsa da taimakon Afrika ta Kudu da mai. Barclays ya bar Afrika ta Kudu a 1986. A 1994 kowa ya jefa ƙuri'a, Mandela ya hau mulki.

Me muka koya? Kyautata wa barorin gida abu ne mai kyau, amma bai wanke wanda ya ke sayar wa azzalumi bulala ba. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ma'auni ke nan: kuɗina da kayana, hannun wa su ke ƙarfafawa?

'Yan'uwa, kada mu tsaya ga nuna Turawa da yatsa. Allah da ya halicci dukan mutane cikin kamanninsa yana duban kasuwar Kaugama kuma.

Tambayoyi:
1. Don me Sullivan ya sāke shawara?
2. In wani ya ƙwace fadamar gwauruwa, za mu sayi shinkafarsa domin tana da araha?
3. In muka ƙi saye, wa zai ciyar da 'yan ƙodagonsa?