Sanƙarau: abin da ake dubawa cikin ruwan baya

Daga kamawar hunturu har zuwa ƙarshen bazara, lokacin sanƙarau ke nan a ƙasar Damagaram. Alamunsa sanannu ne: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sandare. Jariri kuwa sai maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono.

In aka kai yaro asibiti da waɗannan alamu, likita yakan ce zai ɗebi ruwan bayansa. A nan ake samun gardama. Wasu iyaye suna ƙi, don sun ji ana cewa allurar baya tana gurgunta yaro. Ba haka ba ne. Ana soka allurar can ƙasa wajen ƙugu, inda lakar baya ta riga ta ƙare. Ruwan da ake ɗiba bai cika ƙaramin cokali ba, alhali jikin babban mutum yana yin kusan rabin lita na irinsa kowace rana. Kurunta da shanyewar gaɓa da akan gani bayan sanƙarau aikin cutar ne, musamman in an makara.

To me ake nema cikin wannan ruwa?

Ruwa ne da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Na mai lafiya garai yake kamar ruwan sama. In ya fito gurɓace kamar ruwan da aka wanke shinkafa, likita ya san akwai ƙwayoyin cuta a ciki. Ba ya jiran komi, nan take zai fara yi wa yaro allurar magani. Amma ido bai isa ya faɗa masa ko wace ƙwaya ce ba. Ƙwayoyin nan, waɗanda ake kira bakteriya, sai an jera wajen 1000 kafin su kai tsawon milimita guda. Kuma manyan masu kawo sanƙarau iri uku ne. Saboda haka sai a aika da ruwan ɗakin gwaji, wanda ma'aikatan asibiti ke kira labo.

Gwaji na farko rini ne. Wani likita mutumin ƙasar Danmak, mai suna Kiristiyan Gram, shi ya gano shi a shekarar 1884, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina zai gane shi. Ma'aikaci yana shafa ɗigon ruwan a kan ɗan gilashi, ya busar. Ya zuba masa launin shunayya, ya bi da aidin don launin ya kama. Sa'an nan ya wanke da alkwal. Ƙwaya mai kaurin bango tana riƙe launin, kamar zanen da ya sha baba sosai. Mai siririn bango kuwa sai ta koɗe. Daga nan ya ƙara jan launi, wanda zai kama waɗanda suka koɗe. Aikin duka bai wuce ƴan mintoci ba.

Sai ya sa gilashin a ƙarƙashin madubin likita, mai ƙara girman abu sau 1000. In ya ga jajayen ƙwayoyi biyu-biyu, suna fuskantar juna kamar ɓarin wake, wannan ita ce menangokok, mai kawo annoba. In shunayya ne biyu-biyu masu ɗan tsini, nemokok ce. Ita ba ta cika bazuwa ba, amma ta fi kisa, kuma ita ce ke kawo ciwon huhu. In kuma jajayen ƴan sanduna ne ƙanana, hemofilus ce, wadda ta fi kama ƙananan yara.

Gwaji na biyu shuka ce. Ana zuba ruwan a faranti mai abincin ƙwayoyi, wanda aka haɗa da jinin tunkiya. A rufe, a sa cikin akwati mai ɗumi daidai da jikin mutum, wajen digiri 37. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙwaya guda ta hayayyafa ta zama tsibi, ana ganinta da ido kamar raɓa a kan ganye. Amfanin shukar babba ne. Ana iya ɗora ƴan takardu masu magani iri-iri a kan farantin. Inda ƙwayoyi suka kasa tsirowa kewaye da takarda, an san wannan magani yana kashe su. Inda suka tsiro har gindinta, maganin ba shi da amfani a kansu.

Sai dai menangokok ba ta da juriya in ta bar jiki. Sanyi yana kashe ta, zafin rana ma haka. Shi ya sa asibitocin karkara ke zuba ruwan cikin wata ƴar kwalba mai abinci, don ƙwayar ta kai ɗakin gwaji da rai. Akwai kuma wata ɓarna da ake yi tun daga gida. Yaro ya kwana biyu ana ba shi kafso na masu tallar magani a kasuwa. Kafson bai warkar da shi ba, amma ya raunana ƙwayar. An zo an shuka, ba ta tsiro ba. An yi asarar kwana biyu, an kuma ɓata sawu.

Sanin cewa menangokok ce bai ƙare magana ba, don ita ma dangi-dangi ce. Ana kiran dangin da baƙaƙe: A, B, C, W, X da Y. Akwai gwajin gaggawa da ke nuna dangin cikin mintoci. Tabbaci kuwa daga Yamai yake zuwa, daga cibiyar bincike ta CERMES, mai nisan kusan kilomita 900 daga Zinder. Can suna da na'urar da ke karanta asalin halittar ƙwaya, ko da ta mutu a hanya.

Me ya sa ake wannan wahala duka? Domin rigakafin wani dangi ba ya tsare mutum daga wani. Shekaru da yawa dangin A ne ke yi wa ƙasashen Sahel ɓarna. A shekarar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, A ya kusa ɓacewa. Amma a 2015 annoba ta sake tashi a ƙasar, ta kama dubban mutane. Gwaji ya nuna dangin C ne. Waɗanda aka yi wa allurar A ba su tsira daga gare shi ba.

Jihar Zinder ma ta ga haka. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 daga cikinsu suka rasu. Gundumar Dungas ta fi kowace shan wuya, da mutum 342, sai Matamaye da Mirya da Magarya. Cikin ruwan baya 111 da gwaji ya tabbatar, 104 dangin C ne, 5 nemokok, 2 hemofilus. Da wannan lissafi hukuma ta san irin allurar da za ta nema, da garuruwan da za a fara kai ta. Ruwan da aka ɗiba daga bayan waɗannan marasa lafiya shi ya tsare yaran maƙwabtansu.

Tun daga 2024 akwai sabuwar allura da ta haɗa dangi biyar, A, C, W, X da Y, wadda aka fara amfani da ita a Najeriya. Ita ma ba ta tsare mutum daga nemokok da hemofilus. Nasu rigakafin yana cikin allurai na jarirai da ake yi a wurin awo, tun yaro yana da mako 6.