DARASI: Kada A Haɗa Katako Iri-Iri A Ɗakin Busarwa

Manoman Danchadi da na kewayen Bodinga da Shagari sun san ba a shanya barkono da albasa a ce su bushe rana ɗaya. Haka katako yake. Ƙungiyar da ta haɗa kuɗi ta sayi katako don ƙofofi ko benci ko amalanke, ya kamata ta san wannan kafin ta yi hasara.

Ɗakin busarwa ƙaramin ɗaki ne mai rufin gilashi ko farar leda, da ƙananan tagogi. Rana tana zafafa iskar ciki, iskar kuma ta kwashe ruwan katako ta fita da shi. To, zafi ɗaya da iska ɗaya ne za su bugi dukan abin da ke ciki.

Me ya sa itatuwa suka bambanta?

Ɗanyen icce yana ɗauke da ruwa mai yawa, wani kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Bayan katako yakan riga cikinsa bushewa. In aka gaggauta, bayan zai tsuke alhali cikin yana nan ɗanye, sai katako ya tsage.

Dogon yaro ba ya ba da wahala sosai. Maɗaci yana son haƙuri. Turare kuwa ya fi su saurin tsagewa da lanƙwashewa. Kada kuma rashin nauyi ya ruɗe ku: malaina da ake kawowa daga kudu ba ta da nauyi, amma tana daɗewa ƙwarai kafin ta saki ruwanta. In kun haɗa su kun bi saurin dogon yaro, turare zai fashe, malaina kuma ta fito da danshi a ciki. Kafinta ya yi ƙofa da ita, hunturu ya zo, sai ƙofa ta karkace.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku ware katako iri-iri, kowane da layinsa.
2. Ku ware shi bisa kauri. Mai inci 2 yana cin fiye da ninkin lokacin mai inci 1.
3. Kada ku haɗa sabon yanka da wanda ya sha iska. Ku fara jera ɗanye a inuwa.
4. Ku sa busassun sanduna masu kaurin inci 1 tsakanin jeri da jeri, ƙafa 2 tsakani, kowace bisa ta ƙasanta. Ku danne saman da duwatsu.
5. Ku shafa fenti ko kakin zuma a bakin katako, gama nan ne tsagewa take farawa.
6. Da hunturu iskar ƙasar Sakkwato busasshiya ce ƙwarai. Ku rage buɗe tagogi a makonnin farko.

In ɗaki ɗaya ne, katako kuma kaɗan, dole a haɗa, sai ku bi tafiyar wanda ya fi jinkiri. Ku zaɓi katako ɗaya daga kowane iri, ku riƙa aunawa a sikeli kowane mako, sakatare yana rubutawa. Irin da nauyinsa ya daina raguwa mako biyu a jere, a fitar da shi, a bar sauran.

Tambayoyi don taron ƙungiya:

Waɗanne itatuwa kafintocin garinku suka fi aiki da su? Wanne ya fi tsage musu? Wa zai riƙe littafin awo?