Kafin Ku Ƙara wa Tsohuwar Kwamfuta RAM

'Ya'yana ɗalibai, na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Tsafe, da ku masu shagon buga takardu a Bungudu: Na san yawancinku kwamfuta 'yar gwanjo kuke riƙe da ita, kuma idan ta fara nawa sai ranku ya ɓaci, ku fara tunanin sayarwa. Ku dakata tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sau da yawa abin da ke damunta ƙarancin RAM ne. Ma'ajiyar kwamfuta kamar rumbu take, RAM kuwa ita ce tabarmar da ake baza hatsin a yi aikinsa. Rumbu ko ya cika maƙil, in tabarma ƙarama ce, kaɗan-kaɗan za a riƙa ɗebowa. Shi ya sa mai 4GB ke shaƙewa da zarar an buɗe Chrome da Word tare.

Amma kowace kwamfuta tana da iyakar da ba ta wucewa, kuma wannan za ku fara sani kafin ku taɓa aljihu. Ku juya ta, ku kwafi lambar samfurinta, ku nemi bayanin kamfanin da ya ƙera ta. Ku buɗe Task Manager, zai nuna muku guraben RAM nawa ne da ita, nawa ne babu kowa. Irin su ThinkPad T420 da Dell Latitude E6420 na 2011 gurabe biyu gare su, suna ɗaukar DDR3. HP EliteBook 840 G1 kuwa DDR3L take so, mai aiki da volt 1.35 maimakon 1.5, iyakarta 16GB. Ƙanwarta 840 G3 ta koma DDR4, wadda ba ta ma shiga gurbin DDR3 domin tsagar ba wuri ɗaya take ba. Wasu siraran kuma an liƙe tasu a jikin allo, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Matambayi ba ya ɓata.

Ku duba Windows ɗinku ma. Mai 32-bit ba ta iya amfani da fiye da 4GB, ko kun cika gurabe duka. Sai an sauya mata mai 64-bit kuɗinku zai yi amfani.

Idan za ku sayi RAM, ku tafi shago da kwamfutarku, a sa a gabanku, a kunna, ku ga adadin ya fito. Ku sa Windows Memory Diagnostic ya gwada ta kafin ku miƙa kuɗi. Biyu masu girma ɗaya da gudu ɗaya sun fi dacewa da juna. Wanda zai sa da kansa ya cire caja da batir, ya taɓa ƙarfe ya sauke lantarkin jikinsa, musamman da hunturu, sannan ya riƙe RAM ɗin ta gefe, ya tura a karkace, ya danna har maƙallan su kama. In ta ƙi shiga, kada a yi mata ƙarfi.

Sai kuma maganar da na fi so ku riƙe. Sanin iyaka ba ya wajabta kaiwa iyaka. Mai rubuta aikin kammala karatu da bincike a intanet, 8GB ta ishe shi. Ragowar kuɗin ya sayi SSD ya maye gurbin tsohon faifai, nan zai ga saurin da ya fi ba shi mamaki. Mai zane ko haɗa bidiyo shi ke da hujjar neman 16GB. Ku tuna kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma waɗancan na 2011 ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Saboda haka ku kashe daidai shekarun da suka rage wa kwamfutar, kada kuɗin makaranta ya tafi a gyara.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa albarka a nemanku.