Tozon Jirgin Jambo

Duk wanda ya taɓa raka alhazai filin jirgin sama na Kano, watakila ya ga wani shirgegen jirgi mai tozo a ka kamar raƙumi. Sunansa Boeing 747, ana yi masa laƙabi da Jambo. Kamfanonin Kabo Air da Max Air sun yi jigilar alhazai da irinsa. Ni dai tozon nan ya fi kome ba ni mamaki, don haka a kansa zan yi bayani.

A 1966 ne Juan Trippe, shugaban kamfanin Pan Am na Amurka, ya nemi kamfanin Boeing ya ƙera masa jirage 25, kowanne ya ɗauki mutane fiye da ninki biyu na jirgin 707. Aka ɗora wa injiniya Joe Sutter wannan aiki. Da fari Trippe jirgi mai bene yake so. Sutter ya ce a'a, gwamma a faɗaɗa cikinsa, a yi hanya biyu tsakanin kujeru, don in hatsari ya auku a fitar da mutane da sauri.

To, ina tozo ya samo asali? A lokacin nan masana sun ɗauka jirage masu gudu fiye da sauti, irin su Concorde, su za su kwashe fasinja, Jambo kuwa ya koma dakon kaya. Saboda haka aka tsara shi yadda hancinsa zai iya buɗewa sama a zura kaya ta gaba. Tun da direbobi ba za su zauna a bakin ƙofa ba, sai aka ɗaga ɗakinsu sama. Wato ke nan ba don ado aka yi tozon ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sai da aka gina sabuwar masana'anta a garin Everett. Jirgin ya fara tashi ran 9 ga Fabrairu 1969, amma injunansa suka yi ta ba da wahala, har jirage sabbi ful suka jeru a fili ba inji. Bashi ya kusa durƙusar da Boeing. Duk da haka, a Janairu 1970 ya fara ɗaukar fasinja daga New York zuwa Landan.

Concorde ya daina tashi a 2003. Kamfanin Airbus na Turai kuwa ya ƙera mai benen da Sutter ya ƙi, wato A380, wanda ya fara aiki a 2007. A ganina ya makara, don kamfanoni sun koma ga jirage masu inji biyu da ba su shan mai sosai. An daina ƙera shi a 2021. Jambo kuwa an ƙera guda 1,574, na ƙarshe aka miƙa wa Atlas Air a Janairu 2023, kuma na ɗaukar kaya ne, mai hanci mai buɗewa.