Doka Da Dabara Sun Isa Tare Hamada?

Kowane hakimi na ƙasashen arewa ya san yadda rairayi ke cin gonaki, iska na binne shuka, mata na doguwar tafiya neman itacen wuta. Wasu na cewa maganin abin doka ce mai tsanani, wasu kuwa na cewa sai an kawo dabarun zamani. To, bari mu duba abin da ya auku a ƙasar Maraɗi, gama akwai darasi a ciki.

A 1935 Turawan Faransa suka yi dokar daji wadda ta hana sare wasu itatuwa. Bayan samun mulkin kai ma dokar ba ta sake sosai ba. Manomi ba shi da ikon sare gawon da ke gonarsa, in ya taɓa shi malamin daji ya ci shi tara. Saboda haka da ya ga toho sai ya kashe shi tun yana ƙarami, don kada ya jawo masa shari'a. Watau dokar da aka yi don tsare itace ita ta taimaka wajen ƙarar da shi.

Bayan farin 1973 aka kashe kuɗi masu yawa wajen renon dalbejiya da turare ana dasawa. Yawancinsu suka mutu, gama ba mai ban ruwa, ba mai korar awaki.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ke gonaki ba su mutu ba, saiwoyinsu na nan da rai. Dabarar kuwa ba wuya: lokacin sassabe a zaɓi rassa masu ƙarfi, kada su wuce biyar, a yi musu aski, a sare sauran. Wuƙa ta isa. Amma aikin bai kama sosai ba sai da manoma suka tabbata itacen nasu ne. A 2004 sabuwar dokar daji ta Nijar ta ƙarfafa wannan hakki. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5, galibi a ƙasashen Maraɗi da Damagaram.

Abin lura ke nan: doka da dabara suna aiki ne in mai gona ya san riba tasa ce. Saboda haka ana roƙon hakimai su kula da abu uku:

1. A bayyana wa dagatai da masu unguwanni amfanin barin gawo, gama yana kaɗe ganyensa da damina, bai tare wa gero rana.
2. Wanda ya sare itacen da wani ya rena, a ɗauki ƙarar da muhimmanci kamar ta satar dabba.
3. Malaman hakimai su riƙa rubuta sunan mai gona da yawan itatuwansa, don ranar jayayya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.