Yadda Ake Ƙirƙirar Jarumi a Wasan Labari na Kan Tebur

Duk wanda ya taɓa ganin yaran Gyadi-Gyadi a Kano sun fito tashe daga goma ga watan azumi, wannan ya manna gemun auduga ya koma tsoho, wancan ya rataya sassaƙe ya zama mai magani, ya riga ya san rabin wasan labari na kan tebur. A nan dai ba a zaga gidaje. Mutum huɗu ko biyar ke zama a tabarma, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda, ya yi magana da bakinsa, ya yanke masa shawara. In aka zo inda ba a san ko jarumin zai yi nasara ba, sai a kaɗa dayis irin na ludo. Ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan farko na wannan iri, Dungeons & Dragons, a Amurka a 1974. Tun daga lokacin ’yan wasa ke muhawara kan yadda ya kamata a gina jarumi. Kayan aikin kuwa ba su wuce takarda da fensir da dayis ba.

Matakin farko na kowa da kowa ne: a yarda da duniyar da za a shiga. Majalisa a Tarauni tana iya zaɓar Kanon Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da Kasuwar Kurmi da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Tana iya zaɓar Kanon yau, da cunkoson Titin Zariya da masu gyaran waya na Farm Centre. Abin gudu kawai shi ne ɗaya ya zo da dogari mai kulki, ɗaya ya zo da matuƙin jirgin sama.

Daga nan sai kowa ya faɗi jaruminsa a jimla ɗaya, da sana’arsa a ciki. Wanzami mai bin ayari. Jakadiyar da ta san sirrin gidan sarauta. Marinin Ƙofar Mata da bashi ya kora daga gari. Ɗan adaidaita sahu da ke kwana a bakin Asibitin Malam Aminu Kano yana jiran masu jinya. Sana’a ita ke faɗin abin da mutum ya iya, da kayan da ke jakarsa, da ƙofofin da za a buɗe masa ba tare da tambaya ba.

Sai lambobi, kuma a nan hanyoyi suka rabu uku.

Ta farko ta sa’a ce. A Dungeons & Dragons jarumi yana da siffofi 6: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. A tsohon tsari ana kaɗa dayis uku don kowace siffa a haɗa jimlarsu, ta faɗo tsakanin 3 da 18. Matsakaicin yana tsakanin 10 da 11, samun 18 kuwa sau ɗaya ne cikin 216. Daga baya aka sassauta: a kaɗa huɗu, a jefar da mafi ƙanƙanta, sai matsakaicin ya haura 12. Daɗin wannan hanya shi ne takan ba mutum jarumin da bai taɓa tunani ba, maharbi mai raunin jiki amma mai kaifin basira. Illarta kuma a bayyane take: wani ya tashi da 17, na kusa da shi da 7, kuma haka za su yi watanni suna wasa tare.

Ta biyu ta rabo ce. Bugun wasan na 2014 ya ba da lambobi shida tsayayyu, 15, 14, 13, 12, 10 da 8, ɗan wasa ya ɗora kowace a kan siffar da ya so. Ga sababbin shiga wannan ta fi, don ba mai jin an cuce shi, kuma dole kowa ya zauna ya yi tunanin inda zai ajiye 8 ɗinsa.

Ta uku ta tarihi ce, kuma ita ce mafi daɗi ga mai son labari. Wasan Traveller, wanda Marc Miller ya fitar a 1977, yana sa a bi rayuwar jarumi shekaru huɗu-huɗu kafin a fara wasa, ana kaɗa dayis biyu a kowane zango. A ainihin dokar, jarumi yana iya mutuwa tun kafin labari ya soma. Jagora yana iya ɗinka irin wannan da kayan gida: ya rubuta abubuwa shida da kan sami mutum a ƙuruciya, kamar tafiya almajiranci gabas, koyon ƙira, kiwo ko maraici, da wasu shida na samartaka, dayis ɗaya ya zaɓa. Wanda ba shi da dayis mai fuska 20 da Dungeons & Dragons ke buƙata, sai ya ari dokar wasan Apocalypse World na 2010 wajen gwada nasarar jarumi: dayis biyu, 10 zuwa sama nasara, 7 zuwa 9 nasara mai tsada, 6 zuwa ƙasa matsala.

Amma lambobi ba sa tayar da mutum daga gida. Mataki na gaba, wanda ya fi duka nauyi, shi ne a ba jarumi buƙata da lahani. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito daga gasar rubutu ta 1933, abin da ya fitar da Alhaji Imam yawon duniya shi ne ya wanke liman, mijin mahaifiyarsa, daga dariyar da aka yi masa a fada. Buƙata ce da za a faɗa a numfashi ɗaya, kuma ta isa ta ɗauki littafi sukutum. Gizo kuwa wayonsa ba zai ba kowa dariya ba in ba don kwaɗayin da kullum ke jefa shi rami ba. Don haka ɗan wasa ya rubuta layi biyu a ƙasan lambobinsa. A ce wanzamin nan ne: yana neman ƙanensa da ya bi ayari bai dawo ba, kuma ba ya iya riƙe sirri. Layin farko ya ba jagora hanya, na biyu ya ba shi tarko. Lahanin da ba zai taɓa jawo wa jarumi asara ba, kamar a ce ya cika kirki, a soke shi a sake wani.

Bayan haka sai a ɗaure jaruman da juna, kowa ya juya ga na damansa ya faɗi abin da ke tsakaninsu. Bashi ne, ko makarantar allo ɗaya, ko neman yarinya ɗaya. Wasan barkwanci ma kayan aiki ne: Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, in suka haɗu a ayari ɗaya, jagora ya huta da neman abin da zai sa su magana. Kowane jarumi kuma yana buƙatar abokin hamayya irin Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, wanda zai riƙa ɓullowa inda ba a zata ba.

Suna da kirari su ne na ƙarshe, tare da wata ɗabi’a guda da za a gane shi da ita, ko tauna goro kafin magana, ko yawan rantsuwa. Kada tarihin ya wuce rabin shafi, sauran a bar wa wasa ya cike. Wasu jagorori sukan bar ’yan wasa su sauya lamba ɗaya ko lahani ɗaya bayan zaman farko, saboda sai jarumi ya buɗe baki a gaban mutane ake sanin ko ya zauna. Shi ya sa ake cike takardar da fensir.