Kafin ka ɗora wa tsohuwar 911 tobo

Ɗana, an ce mini kana shirin sauke injin Marsandi 911 ɗin mahaifinka, wai ka ƙara mata ƙarfi ta riƙa ɗauko siminti daga Kalambaina ba nishi. Niyyar ta yi kyau, Allah Ya sa albarka. Amma zauna ka ji.

Injin da ke cikinta OM352 ne, mai silinda 6, lita 5.7. Daga kamfani, wanda ba shi da tobo dokinsa wajen 130 ne, mai tobo kuwa wajen 168. To, a naka doki nawa suka rage? Motocin nan, da yawansu tun shekarun 1980 ANAMMCO ta haɗa su a Inugu. Ƙarfin da kake nema, mafi yawansa naka ne da ya tsiyaye ta ringin da ya cinye da nozul ɗin da ya daina feshi yana ɗigo. Shi za ka fara maidowa. A kai kiranshaf wurin mai awo, a duba kan silinda ko ya lanƙwashe, a sa metal daidai da awon, famfon injekta kuma a kai shi ga masu na'urar gwaji. In aka yi wannan da gaskiya, sai ka rantse wata mota aka ba ka.

Na san abin da abokanka ke faɗa maka a gareji: a buɗe famfo, gas ya ƙaru. Gas ba iska, baƙin hayaƙi ne da zafi. Za ta yi maka ruri daga nan zuwa Kware, sai ka ji daɗi, alhali kan fistin yana can yana dahuwa. Kuma kai ka san kuɗin litar gas yanzu.

Tobon ma ba haramun ba ne, sai dai Marsandi da ta sa shi ba ɗora shi kawai ta yi ba. Ta canza fistin, ta sa 'yan bututun da ke fesa baƙin mai ta ƙarƙashinsu don su huce. In kuɗinka bai kai ga waɗannan ba, ka bar tobon a shagon mai shi, ko ka tara ka sayi inji mai tobo sukutum.

Ka tuna kuma a Sakkwato kake. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce ke cin silinda. A wanke lagireto ciki da waje, matatar iska a sa sabuwa, kada a kakkaɓe tsohuwar a mayar.

Birki da kuloci fa? Su ma shekarunsu ɗaya da injin, kuma hanyar Illela ba ta rasa shanu da raƙuma.

In an ɗaura injin, kada ka yi mata cikakken lodi a makonnin farko, ka juye baƙin mai da wuri. Ranar da za a buɗe injin ka aiko yaro ya kira ni, ina so in ga fistin ɗin da idona. Ka gaida mahaifiyarka.